Birkin da Anka Sa wa Keken Malam

Muna wuce Zauro kaɗan na ga bayan Malam ya jiƙe sharkaf, alhali ko rana ba ta yi zafi ba. Ina zaune gidan baya na motar matar ɗana, gilashi a sauke, kular kunu tsakanin ƙafafuna, muna bin su sannu-sannu awa masu rakiyar gawa. Can gaba ɗana na fari ne da abokanai, kowa da wando mai kama jiki da hular roba bisa kai, kekunansu na ƙyalli. Bayansu duka, da tazara, mijina ne, tsoho da farin gemu, bisa baƙin kekenai, shina taka feda awa mai taka laka.

Na san tuƙin mutumin ga. Da wanga keke ya ciyar da mu. Tun muna da ƙuruciya shina ɗaukar albasa daga Birnin Kebbi ya kai Argungu, ya dawo da bandar kifi ɗaure bisa kariya, ni in kasa ta ƙofar gida in saida. Ban taɓa ganin ya tashi daga sirdi don ya taka ba, ko da buhu biyu. Ranar nan, ba shi ɗauke da komi sai kai nai, amma ga shi ya miƙe tsaye bisa feda, hanya kuwa shimfiɗe take, babu tudu.

Yadda abin ya samo asali shi ne, likita ya ce ma ɗana shina da ciwon suga, sai ya riƙa motsa jiki. Shi da wasu manyan ma'aikata da 'yan kasuwa na can Gesse, inda yake zaune, sunka sayi kekuna, duk Asabar su hita yawo. Mu da munka san keke abin neman tuwo ne, yau ga shi ya zama abin shan iska. Wata rana sunka biyo ta gidanmu na Badariya shan ruwa, suna ta zancen wai sati mai zuwa za su Argungu, suna faɗi awa waɗanda za su Makka a ƙasa. Malam shina zaure tare da su, ya tsinci zancen don da ƙarfi suke yi. Ya yi dariya ya ce shi ya yi wagga hanya da buhun albasa, da azumi a bakinai, ya kuma dawo ya sha ruwa gida. Cikinsu akwai wani ɗan kudu mai saida kayan wuta a kasuwa, wanda Hausa tai ta fi ta wasu 'yan gari. Shi ya fara tsokana.

"Baba, in ka riga ni shiga Argungu, kifin ranar duk ni ka saye."

"To ka taho da kuɗi da yawa," in ji Malam, "don ni ba ni cin ƙanana."

Anka yi dariya anka watse. Su wasa sunka ɗauke shi. Shi kuwa satin nan duk bai yi zancen komi ba sai Argungu. Rabonai da ita bisa keke tun da yara sunka girma sunka hana shi fatauci. Ya ce mini abu guda yake so, ya shiga garin da ƙafafunai, ya jingine keke gindin bishiyar da yake jingine shi da, masu kifi su gane shi. Na ce mishi masu kifin da sunka san shi rabi sun mutu, rabi ba su gani. Ya ce ragowar sun ishe shi.

Kada wani ya ce tsufa ya riga ya gama da shi. Ya yi zazzaɓi da damina, gaskiya ne, amma ya tashi. Kullum bisa keken nan yake zuwa masallaci, da kasuwa, da 'yar gonar shinkafa tai ta fadama. Ni ke wanke mishi kaya, ni ke ganin abin da yake ci. Lafiya tai lau.

Keken nan ba shi da birki. Tun ina goyon na biyu birkin ya mutu, Malam ya cire ƙarafan ya yar. In za shi tsayawa, sai ya ɗora diddigen takalminai bisa tayar gaba, irin takalmin nan da ake yankawa daga tsohuwar tayar mota. Duk takalman da ya yi a duniya, na dama ya fi cinyewa. Bai taɓa kaɗe ko akuya ba.

Ana jibi tahiya ɗana ya aiko anka ɗauki keken, wai za a wanke shi a sa mishi mai. Ba a dawo da shi ba sai safiyar Asabar, can wurin da sunka taru. Ya sha fenti, an sa mishi sabuwar ƙararrawa, ga wasu ƙarafa masu ƙyalli ƙarƙashin hannu. Malam ya tambayi mi anka yi mishi. Ɗana ya ce dokar ƙungiyarsu ce, ba a hawa titi da keke marar birki, shi ya sa ya kai anka sa. Malam ya dube shi, ya dubi mutane, ya ce su sa abin da sunka ga dama, shi dai ba shi taɓa shi, ga birkinai nan a ƙafa. Anka yi dariya, anka ɗauki hoto. Shi a ganinai, abin da ba ka taɓa ba ba shi taɓa ka. Ba a ko bar shi ya zagaya fili sau ɗaya ba, anka busa usur.

To, ga mu bayan Zauro. Shinkafa ta nuna dama da hagu, tsuntsaye na tashi, mutane cikin gona suna miƙewa suna kallon mahaukata. Da motar ta matsa kusa da Malam sai na ji wata ƙara daga tayar baya, siririya, tana zuwa tana ɗaukewa, shii, shii, duk juyi ɗaya. Na kuma ji ƙaurin roba. Malam kunnenai ya yi nauyi shekarun ga, ko kiran salla sai na taɓa shi. Na ce ma matar ɗana keken ga na kuka. Ta ce, Inna, tsohon keke ai dole ya yi kuka. Na ce ina jin ƙauri. Ta ce kwalta ce. Yarinyar ba ta da mugunta, hankalinta na ga tuƙi da wayar da take ɗaukar mijinta hoto.

Sau ɗaya Malam ya sauka. Ya matsa tayar gaba da yatsa, ya matsa ta baya, ya ji iska lafiya. Ya dubi sarƙa. Bai duƙa ya dubi can ƙasa bayan feda ba, inda anka ɗaura robobin birkin baya, don shekara da shekaru babu komi a wurin, mi za shi nema. Sai ga ɗana ya juyo ya dawo, ɗan kudun nan na biye da shi, suna tambaya ko ya gaji. Ya ce bai gaji ba. Ya hau.

Nan ne ya kamata in buɗe baki. Amma ɗan fari ne. Tun da na haife shi ban taɓa kiran sunanai ba, ban taɓa tsayawa gaban mutane na yi mishi magana kai tsaye ba, haka munka taras ana yi. Duk garin ga an san bakina, har maƙwabta na cewa in na yi shiru to ba ni da lafiya. Amma in leƙo ta tagar mota in ƙwala ma ɗan fari kira gaban abokanai, wannan bakina bai iya ba. Na ce ma matatai ta faɗa mishi a duba tayar baya. Ta leƙa ta ce, wai Inna ta ce a duba Baba. Ya ɗaga mata hannu ya ce ana dubawa, ya wuce.

Wajen Ambursa ƙafafun Malam sunka fara rawa. Ina ganin keken na tangaɗi, ya ci gefen titi ya dawo. Sai ya sa ƙafa ƙasa, ya tsaya, ya kifa kai bisa hannun keke. Bai faɗi ba. Ya tsaya dai, bayanai na hawa da sauka. Kafin in hito daga mota sun kewaye shi. Wani na zuba mishi ruwa a kai, wani na riƙe da hannunai shina duban agogo, wani na cewa ai zazzaɓin nan ne bai sake shi ba. Motar a-kori-kura da ke biye da su da ruwa ta tsaya, yara biyu sunka ɗaga keken sama sunka jefa baya. Ko taku ɗaya ba a tura shi ba, balle wani ya ji nauyinai. Anka kamo Malam anka sa shi kusa da ni.

Ɗana ya leƙo ya ce, "Baba, ka yi ƙoƙari. A shekarunka wa ka yin haka?"

Na zuba ma Malam kunu, ya riƙe kofin har ya huce.

Haka munka shiga Argungu, cikin mota, da sanyin na'ura. Masu keken sunka yada zango bakin gulbi, anka kawo gasasshen kifi bisa takarda, anka yi ta hoto. Ɗan kudun nan, Allah ya saka mishi, ya zaɓo mafi girma ya kawo har mota, ya durƙusa ya ce Baba ne ya ci gasa, don shi in ya kai shekarun Baba ko tabarma ba shi iya hawa. Malam ya yi mishi godiya ya ce ya ƙoshi. Na ce ma Malam ga bishiya tai can, ga masu banda, ko za shi sauka su gaisa. Ya ce in ja gilashi. Wani tsoho ya wuce dab da motar da kwando bisa kai, na ga Malam ya bi shi da ido, sannan ya sunkuyar da kai har mutumin ya wuce. Ban tambaye shi ko wane ne ba.

Da munka dawo, keken bai dawo ba. Ɗana ya wuce da shi Gesse ya kulle a ɗakin ajiya, ya aiko ƙanenai ya ce daga yau duk inda Baba za shi a kira waya, mota za ta zo. Na zaci Malam za shi tada rigima. Mutumin da in yaro ya taɓa mishi ƙararrawa sai unguwa ta ji. Sai ya ce to. Wannan to ɗin ta fi komi ba ni tsoro.

Ya zauna. Masallacin ƙofar gida kawai yake zuwa, na Juma'a sai an zo da mota. Gonar fadama ya bar ma wani ɗan ƙanenai. Kasuwa ya daina. Da safe ya shimfiɗa buzu a zaure, da rediyo da ba shi ji, har azahar. Na ga cinyoyinai na zubewa cikin wando. Mutumin da ke cinye malmala biyu ya koma rabi. In na yi mishi faɗa ya ce ke ba ki ga abin da ya faru ba, ƙafafun sun ƙare, a gaban mutane sunka ƙare. Na ce keken ne, na ji shi shina kuka. Ya ce keken da ya ɗauke shi shekara da shekaru ba ranar nan za shi ci amana tai ba.

Na aika a kawo keken ya fi a ƙirga. Yau a ce mai gidan ya yi tahiya da makulli, gobe a ce za a kawo. Aka girbe shinkafa, sanyi ya shigo ya hita, albasa ta cika kasuwa. Ranar da na gaji, na tashi daga makarantarmu ta manya, inda na koyi wanga rubutu da tsufana, ban biya gida ba, na hau Keke Napep har Gesse. Na taras da matar ɗana ita kaɗai. Na ce ta buɗe ɗakin ajiya ko in zauna ƙofar gidansu har maƙwabta su tambayi lafiya. Ta buɗe. Ta ce in bari direba ya kai. Na ce da hannuna za ni tura shi.

Ban kai bakin titi ba na san ban yi ƙarya ba. Keken nan na sha tura shi, in Malam ya bar shi a hanya in gyara, da yatsa biyu yake tahiya. Ranar nan sai da na sa ƙirji. Ya tahi kaɗan ya cije, ya tahi kaɗan ya cije. Na tsaya gindin wata darbejiya na ɗaga bayan, na juya tayar da hannu. Ko zagaye ɗaya ba ta yi ba ta tsaya cak. Na duƙa na duba. Ƙarfen tayar baya dama a karkace yake tun zamanin buhunan albasa, bai dami kowa ba don babu abin da yake gogawa. Yanzu an kawo robobi biyu an matse shi a tsakani. Ɗaya robar ta cinye har ƙarfe, ta yi baƙi, ta narke gefe. Da wannan tsohon ya yi ta kokawa tun daga Birnin Kebbi har Ambursa.

Na tura shi haka har Badariya, ina hutawa ina tashi, masu babur na tambaya Hajiya lafiya. Na shigar da shi zaure na ɗaga bayan gaban Malam, na juya tayar, ta cije. Na sake, ta cije. Na ce ya gani da idonai.

Ya daɗe shina kallo. Sannan ya ce zama ne ya sa ya yi tsatsa, ai an daɗe ba a hau ba. Na nuna mishi robar da ta narke, na ce tsatsa ba ta narka roba. Ya kau da kai.

"Tun da na aure ki ba ki taɓa lallashina ba," in ji shi. "Kada ki fara yanzu."

Wannan magana ta ƙona ni. Ni da ban taɓa gaya mishi magana mai daɗi don ya ji daɗi ba, ni da na ce mishi gemunai bai yi mishi kyau ba ran da ya fara tsayar da shi, yau gaskiya ta ce ta zama lallashi.

Da yamma ɗana ya zo, matatai ta gaya mishi. Ya taras da ni tsakar gida ina tankaɗe. Ranar nan na aje kunya. Na dube shi cikin ido, abin da ban taɓa yi ba, na ce ya zo ya ga aikin da ya sa anka yi. Ya duƙa da babbar riga tai, ya juya tayar, ya ga ta cije. Na ga fuska tai ta canza, ba ni cewa bai ji komi ba. Sai ya miƙe ya kakkaɓe hannu, ya rage murya don kada uban ya ji, alhali uban ko ganga ba shi ji. Ya ce mai gyaran ne bai iya aiki ba, amma in duba, wata kila hakan alheri ne, ga shi yanzu Baba na zaune wuri ɗaya, hankalin kowa a kwance, titunan yanzu ba irin na da ba ne. Ya ce don Allah in bar maganar.

Na ce, "Hankalin wa ya kwanta?"

Ya ce, "Inna, ki yi haƙuri."

Na ce ya je ya gaya ma ubanai da bakinai cewa birki ne, don ni ba a yarda da ni ba. Ya ce to. Ya shiga zaure, na ji sun gaisa, ya tambayi jiki, ya tambayi ko maganin ya ƙare, ya yi sallama. Na ji tashin mota.

Washegari na ɗauko tsohuwar wuƙa ta ta yankan kuɓewa na zauna ƙasa. Na ɓanɓare robobin nan ɗaya bayan ɗaya, na gaba da na baya, har na yanke yatsa. Ƙarafan na lanƙwashe su waje da taɓarya. Na ɗaga bayan na juya. Tayar ta yi ta gudu ita kaɗai, tana 'yar rawarta ta da, har na gaji da riƙo. Na ɗauko takalman tayar nan daga ƙarƙashin gado na kakkaɓe, na aje su bakin buzun Malam. Keken na jingine shi inda yake kwana da, jikin bangon zaure, inda in ya ɗaga kai sai ya gan shi.

Ya kwana biyu bai dube shi ba, ko dai ban gani ba. Wata safiya bayan ya karya, ina shara, na ji ƙarar ƙararrawa sau ɗaya. Na leƙo. Ya sa takalman, ya naɗe ƙafar wando, ya hitar da keken ƙofar gida. Na tsaya bayan ƙyaure da tsintsiya a hannu. Lungunmu ba shi da tsawo, daga ƙofarmu zuwa inda mai shayi ke zama. Ya ɗaga ƙafa za shi haye sirdi, ba ta kai ba. Ya kwantar da keken gefe ya tsallaka, ya zauna. Ya taka, keken ya tahi sumul, ba kuka ba komi. Ya taka na biyu, na uku. Wajen tsakiyar lungu na ga gwiwa tai ta dama ta ƙi dannuwa. Ya yi tangaɗi, ya dafa katangar maƙwabta. Ya huta, ya sake. Bai kai ga mai shayi ba ya sauka.

Ya juyo shina turo shi sannu, shina haki, mai shayi da mutanenai na kallo. Ya iso ƙofa ya miƙo mini keken, na karɓa.

"Yanzu ma birkin ne?" in ji shi.

Ya tuɓe takalman nan bakin zaure, ya shiga ya zauna bisa buzu.